Wuyana na yin raɗaɗi da ƙuraje duk lokacin da na sa masa aska

"Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Ni ina ajiye gemu amma ina gyara ƙasan wuya da aska, irin wadda ake sa mata rabin reza ɗin nan, da kaina nake yi a gida kusan duk bayan kwana biyu. Kumatu ba ya ba ni matsala, amma wuya kam ina gamawa sai raɗaɗi, washegari ya fito da ƙananan ƙuraje wasu har da ruwa, in sun mutu su bar baƙin tabo. Na canza sabulu, na shafa sifirit, na shafa man kaɗe, duk a banza. Fatata ce ba ta son aska ko ni ne ban iya ba?"

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. In na fahimce ka daidai, hannu ɗaya ne, aska ɗaya ce, sabulu ɗaya ne, amma kumatu lafiya lau wuya kuma yana kuka, kuma kana son sanin laifin na fata ne ko na hannu. Toh ni dai aski sana'ar gidanmu ce, na tashi na ga zabira a rataye, kuma har yau ina riƙe aska a shago, abin da zan ce maka tun farko shi ne yawancin masu zuwar mana da wannan kukan ba fatarsu ce ta lalace ba, so suke wuya ya yi sumul kamar kumatu, shi kuma wuya ba a halicce shi ya ɗauki wannan ba, musamman wuyan mai gashi irin namu. Akwai masu fatar da ba ta da juriya da gaske, ba na musun wannan, amma ko su ɗin in aka gyara yadda ake bi da askar abin yana raguwa sosai.

Me ya sa wuya ya fi ko'ina rigima

Kumatu shimfiɗaɗɗe ne, akwai tsoka a ƙasansa, kuma gashinsa galibi ƙasa yake kallo gaba ɗaya. Wuya ba haka yake ba. Fatarsa ta fi laushi kuma sakwakkwa ce, tana bin aska in an ja ta, ga lanƙwasa ga rami gefen zakaran wuya, sannan gashin wurin a kwance yake fitowa, kusan manne da fata, kuma ba alƙibla ɗaya yake bi ba. A wuyan mutum ɗaya za ka samu na ƙasan haɓa yana kallon ƙasa, na can ƙasa kusa da ƙirji yana kallon sama, na gefe ya nufi kunne, wani wurin ma ya yi kewaye kamar tsakar kai. Shi ya sa mutumin da yake jan aska daga sama zuwa ƙasa a duk wuyan yana ganin kamar yana bin kwanciyar gashi ne, alhali rabin wurin kishiyarta yake bi bai sani ba.

Sai kuma gashin kansa. Gashinmu murɗaɗɗe ne tun daga cikin raminsa, ba miƙe yake fitowa ba. Aska mai kaifi tana yanka shi a karkace ta bar masa tsini, in an yanka shi ƙasa da saman fata ko daidai da ita sai ya ci gaba da tsiro yana lanƙwasowa, ko ya huda bangon ramin tun bai fito ba, ko ya fito ya juyo ya soki fata daga waje. Jiki kuma ɗaukarsa yake kamar ƙaya ce ta shiga, sai wurin ya kumbura ya yi ƙurji. Wannan ba matsalarka ba ce kai kaɗai, sananniyar matsala ce ta maza baƙar fata a duk duniya, har a rundunar sojan Amurka an shafe shekaru ana ba masu fama da ita takardar likita ta sassaucin aske fuska saboda ita.

A cikin bayaninka ina ganin abu biyu ne suka haɗu, wataƙila ma uku, kuma ya kamata ka iya bambance su don maganinsu ba ɗaya ba ne. Raɗaɗin da kake ji nan take kana gamawa, wannan ƙunar aska ce, wato an kankare saman fata, yana zuwa ne daga danna aska, ko dakusasshen baki, ko maimaita wuri ɗaya ba kumfa, kuma yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙurajen da ke fitowa bayan kwana ɗaya zuwa uku, masu tauri, wanda in ka duba da kyau a madubi wani lokaci za ka hango gashi a naɗe a ciki, wannan gashi ne ya koma. Na ukun shi ne in ƙwayar cuta ta samu ƙofa ta shiga ramin gashin, sai ka ga farin kai da mugunya da zafi. Mutane da yawa duk makero suke ce musu su nemi magani ɗaya, shi ya sa ake ta shafe-shafe ba a dacewa.

Ka fara ajiye askar tukuna

Na san ba wannan kake son ji ba, amma duk abin da zan faɗa a ƙasa ba zai yi aiki a kan wuyan da yake cike da ƙuraje ba. Duk bayan kwana biyu kana bi ta kan ƙurjin da bai warke ba kana fille masa kai, ka buɗe sabon ciwo a kan tsoho, tabon da kake gani daga nan yake. Ka ba shi hutu na sati uku zuwa huɗu. Gashi yana tsiro kamar santimita ɗaya a wata, toh a wannan tsakanin yawancin waɗanda suka soki fata za su yi tsawon da za su zaro kansu da kansu. Satin farko abin zai iya yin kamar ya ƙaru, kar ka tsorata ka koma. In aikinka ko mutuncinka ba zai bari ka bar wuya buzu-buzu ba, ka sa kilifa ka rage shi amma ka bar masa kamar milimita ɗaya, kar a kwantar da bakin kilifar a goge fata da shi irin yadda yaran shago ke yi in suna son fitar da layi.

A cikin hutun nan kullum ka jiƙa ƙaramin tawul da ruwan ɗumi ka ɗora a wuyan na 'yan mintuna, sannan ka murza a hankali kana kewayawa, ko da buroshin haƙori mai laushi wanda ka ware don wannan kawai. Ƙurjin da ka ga gashinsa ya yi lanƙwasa a waje kamar ƙugiya, za ka iya sa tsinin allura mai tsabta ka ɗago bakin da ya nutse kawai ka bar shi a tsaye. Kar ka tumɓuke shi, in ka cire shi daga saiwa sabon da zai fito a ƙarƙashin fatar da ta rufe zai tsiro, matsalar ta dawo sabuwa. Wanda kuma ba ka ganin gashinsa kar ka tona, tonon nan shi ke barin rami da tabo.

Wannan hutun kuma shi ne damarka ta sanin wuyanka. In gashin ya yi kwana uku ko huɗu, ka tsaya gaban madubi ka shafa da yatsa wuri-wuri. Inda yatsa ya wuce sumul nan gashin yake kwanciya, inda ka ji kaushi yana tokare ka kishiyar kenan. Ni har cewa nake mutum ya ɗauki hoton wuyansa da waya ya zana kibiyoyi a kai, don da zarar kumfa ta rufe wurin mantawa ake hannu ya koma abin da ya saba. Duk sabon mutum da ya zauna min a kujera kafin in taɓa sabulu sai na shafa wuyansa na karanta shi, wannan rabin aikin ne.

Kafin aska ta taɓa fata

Busasshen gashin gemu yana da tauri sosai, amma in ya sha ruwan ɗumi na minti biyu zuwa uku yana kumbura ya yi laushi, aska ta yanka shi ba tare da ta fizge shi ba. Saboda haka lokacin da ya fi shi ne kana fitowa daga wanka, ko ka ɗora tawul mai ɗumi. Ɗumi na ce ba tafasasshe ba, ruwan da ya yi zafi da yawa yana wanke maiƙon fata ya bar ta a bushe tun ba a fara ba, musamman da hunturu da fatar ma dama a tsattsage take.

Sabulu kuma ba yawan kumfa ake nema ba, santsi ake nema. Ka gwada tsakanin yatsu biyu, in suna zamewa ya yi, in kumfar ta tsaya fururu kamar ta omo tana bushewa kafin ka gama gefe ɗaya toh ruwa ya yi mata kaɗan ko sabulun bai dace ba. Sabulun wanki da sabulun wanka mai ƙarfin ƙamshi da masu maganin kashe ƙwayoyin cuta duk busar da fata suke. Sabulun salo ma wani yana da ƙarfin toka sosai, yana yi wa wasu yana ƙona wasu, tunda ka ce wuyanka yana raɗaɗi ka nemi man aski marar turare marar sanyin mantileta. Wannan sanyin daɗi ne da shi amma rufe maka raɗaɗi yake, ba za ka ji lokacin da kake kankare kanka ba. In kumfar ta bushe a wuya kana tsakiyar aiki, ka tsaya ka ƙara, kar ka ce bari in ƙarasa.

Riƙon askar, nan ne maganar take

Askar da kake amfani da ita, mai rabin reza, ta fi askar gargajiya rashin yafiya. Bakin reza siriri ne ƙwarai kuma yana da kaifin da ba ya jin komai, ga kusurwoyinsa biyu a waje, sannan ita kanta askar ba ta da nauyi, sai mutum ya riƙa dannawa ba tare da ya sani ba don ya ji tana aiki. Ana yawan cewa a riƙe aska a karkace kamar digiri 30, wannan na kumatu ne kuma na aska mai kauri. A wuya da rabin reza ka kwantar da ita fiye da haka. Yadda nake koya wa yara shi ne, ka kwantar da askar gaba ɗaya a kan fata, sannan ka ɗago bayanta kaɗan-kaɗan har ka ji ta fara cin gashi, toh nan za ka tsaya. In ka ɗaga ta ta miƙe, ta daina yanka ta koma kankara, ita ce ƙunar da kake ji.

Nauyin hannu kuwa, ka sa a ranka kumfa kake sharewa ba gashi ba. In fata ta lotsa a ƙarƙashin bakin askar, ka danna da yawa. Ja gajere-gajere, kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ka goge bakin ka ci gaba, ba dogon ja ɗaya daga haɓa har ƙirji ba, don a dogon ja kwanciyar gashin tana canzawa a hanya kuma lanƙwasar wuyan tana canza maka karkatar askar.

Yanzu ga inda masu aska da likitocin fata suka ɗan saɓa, kuma ya kamata ka san duka biyun. Mu an koya mana a ja fata ta miƙe kafin a sa aska, kuma gaskiya ne, aska a kan fata mai tattara yanka take. Su kuma likitoci suna hana mai irin matsalarka jan fata, kuma su ma gaskiyarsu ne, domin in ka ja fata da ƙarfi gashin yana ƙara leƙowa daga raminsa, ka yanke shi, kana saki ya koma ciki ƙasa da saman fata da tsininsa, shikenan ka shuka ƙurjin jibi. Abin da ni nake yi a tsakani shi ne in shimfiɗa fatar kawai, ba in ɗaure ta ba. Ka ɗan ɗaga haɓa, ba ka wurga kai baya gaba ɗaya ba, ka sa yatsu biyu ka riƙe fatar daidai yadda tattarar za ta ɓace, iya nan. Da yawa masu aski a gida suna ɗaga kai har sai jijiyoyin wuya sun fito, wannan ja ne mai ƙarfi ko da hannu bai taɓa ba.

Zakaran wuya kar ka hau kansa da aska. Ka sa yatsa ka janye fatar da ke kansa zuwa gefe, ka aske ta a kan wuri mai laushi, ka saki, ka yi haka ta ɗaya gefen. Ramukan gefensa kuma ka juya kai kaɗan zuwa ɗaya ɓangaren sai su cike su shimfiɗu.

Sai babbar maganar, wadda in ka ɗauki ita kaɗai ma za ka ga canji: bi ɗaya, ta inda gashi ya kwanta, ka tsaya. In ka gama ka shafa ta kishiya za ka ji ɗan kaushi, kuma zuciyarka za ta ce koma ka share shi. Kar ka koma. Wannan ɗan kaushin shi ne tsawon da zai hana gashin nutsewa, kuma wallahi ba mai ganinsa, kai kaɗai ke jinsa da yatsa. Wanda ke tsaye gabanka layin gemu yake gani ya fita tsaf, ba ya shafa wuyanka. In bayan wata biyu wuyan ya zauna lafiya kuma kana son ƙari, za ka iya sake sa kumfa ka bi ta gicciye sau ɗaya a wuraren da ba su taɓa ba ka matsala ba, amma kishiyar gashi a wuya, ga mai gashi murɗaɗɗe da fata irin taka, ni ban yarda da ita ba ko a hannun gwani. Akwai masu zuwa shago su ce a yi musu har sai ya yi santsi saboda ango ne ko za a ɗauki hoto, ina gaya musu abin da zai biyo baya, wanda ya nace ya nace.

Tunda gemu kake ajiyewa ma kana da wata dama da masu aske fuska duka ba su da ita, wato kai ke zaɓar inda layin zai tsaya. Mutane da yawa suna kai layin sama sosai har gindin muƙamuƙi, sai filin da ake askewa ya yi faɗi. Ka sauko da shi zuwa kamar yatsa ɗaya ko biyu sama da zakaran wuya, wurin da aska za ta taɓa ya ragu, kuma sau da yawa wurin da ya fi ƙurajen sai ka ga ya shige cikin gemun an huta.

Kaifi da tsabta

Rabin reza sau ɗaya ake amfani da shi a wuya irin naka, ka jefar da shi inda yaro ba zai ɗauka ba. Kuɗinsa bai kai kuɗin man da za ka saya kana neman magani ba. Kuma rezoji ba ɗaya suke ba, wani kamfanin nasa ya fi kaifi wani ya fi laushi a fata, ka gwada kala biyu ko uku, kowanne ka ba shi 'yan askuna kafin ka yanke hukunci, kar ka canza reza da sabulu da mai duk rana ɗaya don ba za ka san wanne ya yi aikin ba. Wurin da rezar ke zama a jikin askar yana tara sabulu da gashi, ka buɗe ka wanke ka busar.

In kuma wata rana ka koma askar gaske, ko ta maƙeranmu ko irin waɗanda ake ƙerawa a Solingen ta Jamus, toh ita sai an goga ta a jikin jemammiyar fatar dabba ta goge aska kafin kowane aski, bayan askar ne ke gaba bakin yana biye, in za ka juya ka juya ta kan bayanta ba kan baki ba. Jemammiyar fatar ba ta wasa aska, miƙar da bakin take, in ta fara fizgar gashi duk da ka goga toh lokacin wasa ta a dutse ya yi. Dakusasshiyar aska ta fi mai kaifi ɓarna nesa ba kusa ba, don ita ce ke sa ka danna ka maimaita. Kuma a bushe ake ajiye ta da ɗan mai a baki, tsatsar da ido ba ya gani ma tana yaga fata.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi, aska ba a aro ba a ba da aro, ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana 7 ko fiye, kuma wuya mai ƙuraje ƙofa ce a buɗe. In wurin wanzami ko shago za ka, ka tafi da taka ko a ɓare sabuwar reza a gabanka.

Bayan ka gama

Ka wanke sabulun tas da ruwan ɗumi, ka bi da ruwan sanyi, ka dafa da tawul mai tsabta kar ka goga. Sifirit ɗin da ka ce kana shafawa ka daina, wurinsa jikin ƙarfe ne ba fatar da aka gama kankarewa ba. Zafin da yake yi mutane na ɗauka alamar yana aiki ne, alhali busar da wurin yake ya ƙara masa kumburi. Alimun ya fi shi sauƙi, irin wanda ake tace ruwa da shi, ka samu dunƙule mai santsi ka jiƙa ka shafa a hankali, ka bar shi kamar rabin minti ka wanke. Yana tsayar da ɗan jini, kuma yana da wani amfani, duk inda ya yi maka zafi sosai nan ne ka danna aska, sai ka kiyaye gaba. Amma shi ma yana busarwa, in ka ga wuyan yana yin fari yana ja da hunturu ka bar shi.

Man kaɗe ba laifinsa ba ne, ba aikinsa ba ne kawai aka ba shi. Yana maganin bushewa amma ba ya fito da gashin da ya nutse, kuma in aka lafta shi da kauri a kan ƙuraje masu ruwa ga zafi ga gumi sai ya toshe wurin. Ɗan kaɗan ka narkar a tafin hannu ka dafa, ya isa.

Akwai kuma abin da kusan ba mai kawo shi a lissafi. Mutum ya yi aski da safiyar Juma'a, ya sa shadda mai sitaci da aiki a wuya, ya ɓalle maɓallin sama, ya fesa turare daidai wurin da ya aske, ya shiga rana ya yi gumi, wuyan rigar yana ta gugar wurin har la'asar, sannan ya ce aska ce. Ka mayar da askinka daren Alhamis, fatar ta kwana ta huce ba abin da ke gugarta, turare kuma a jikin riga. Haka masu sa kwala da nakatayi zuwa ofis da masu kaki.

Tazarar aski kuma, duk bayan kwana biyu da kake yi ba ita ce matsalar ba in fatar lafiya take, wasu ma in suka bar shi ya daɗe sosai ne gashin ke samun tsawon da zai lanƙwaso ya soke su. Ka fara da duk bayan kwana uku ka lura da wuyanka, ƙa'idar dai ita ce ba a sa aska a kan wurin da bai huce ba.

Dan Allah ka nisanci abubuwan da ake ba da shawara a majalisa, man birki, makilin, lemon tsami, tafarnuwa. Na ga wuyan da man birki ya ƙona, tabon ya fi na ƙurajen muni. Haka mayukan nan na kemis masu haɗe-haɗe da ake cewa suna maganin komai, yawancinsu akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, wato sinadarin da ke kwantar da kumburi, kwana uku za ka ga wurin ya kwanta ka ji daɗi, in ka ɗore fatar ta yi siriri ta yi fari-fari ƙurajen su dawo da ƙarfi. Baƙin tabon da ya dame ka yana dushewa da kansa cikin watanni in aka daina sabunta ciwon, man bilicin ba zai yi maka komai ba sai ƙarin matsala.

Inda aikina ya tsaya

Ni mai aski ne, kuma ban ga wuyanka da idona ba. Akwai magungunan da likitocin fata ke bayarwa a kan wannan, irin su haidirokotizon mai sauƙi na 'yan kwanaki don kumburi, benzoyil feroksayid ko kilindamaisin na shafawa in akwai mugunya, da mayuka masu salisilik asid ko gilaikolik asid da ke rage matacciyar fatar da ke rufe bakin ramin gashi, har da cire gashin da na'urar leza ga wanda abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ita ma akwai irin wadda ta dace da baƙar fata don wata tana ƙonawa. Amma wanne ya dace da kai da tsawon lokacin da za ka yi kana shafawa, wannan na likita ne. In ka ga ƙurajen suna haɗewa suna yin tauri kamar tsiro, ko irinsu sun fara fito maka a ƙeya, ko kana da jikin da ciwo kaɗan ke zama tudun tabo, ko wurin ya kumbura da zafi da zazzaɓi, ko kana da ciwon suga, kar ka tsaya gwaje-gwaje, ka je asibiti ɓangaren fata tun abin yana ƙarami, don irin mai taurin nan in ya zauna ba ya komawa da man shafawa.

Hodar cire gashi irin su Magic wasu na samun sauƙi da ita tunda ba ta barin tsini a bakin gashi, amma sinadari ce mai ƙarfi kuma mai fata irin taka tana iya ƙona shi, in za ka gwada ka fara da ɗan wuri kaɗan ka jira kwana biyu, kar ka wuce mintunan da aka rubuta a jikin gwangwanin, kuma kar ka haɗa ta da aska rana ɗaya.

In ka yi hutun, ka bi kwanciyar gashi sau ɗaya da sabuwar reza da hannu marar nauyi har tsawon wata biyu amma ƙurajen suna dawowa, toh kana cikin mutanen da gashinsu ba ya yarda a yanke shi daidai da fata ko ta yaya aka bi, kuma suna da yawa, ina da masu zuwa wurina shekara da shekaru da ban taɓa sa musu aska a wuya ba. Irin su kilifa nake sa wa a filin wuyan in bar milimita ɗaya, sannan in ɗauki aska in fitar da bakin layin gemun kawai da gefen kumatu inda ba ya musu komai, daga taku biyu ba wanda zai bambance shi da wanda aka aske tas. Ka gwada ka turo min yadda wuyan ya kasance bayan sati huɗun, in da hali da hoton kibiyoyin da ka zana, sai mu duba ta inda za ka fara sa askar.